Gwadon Abba a Kwandon Kare

Tun da na dawo daga Ingila ban samu sakat ba. A masallaci, a kasuwar Gwaram, har a kan hanyar gona, duk wanda ya yi mini gaisuwar rasuwa sai ya ce, "To Malam Garba, yaya ƙasar Turawan take?" Na gaji da cewa lafiya lau, don ba lafiya lau na gan ta ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in huta.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Ɗana na fari, wanda muke kira Abba saboda sunan mahaifina gare shi, gwamnati ta tura shi can koyon aikin kula da lafiyar dabbobi. A farkon sanyinsa na biyu ciwon haƙarƙari ya kama shi, Allah ya yi masa cikawa. Kafin labari ya iso mana an riga an binne shi. Bayan sadakar arba'in aka ce an ba mutum ɗaya daga cikin iyalinsa kujera a jirgi, ya je ya ga kabarin, ya kwaso kayansa. Da yake na yi elementare a Birnin Kudu, na kuma yi aikin malamin gona, ina jin Turanci kaɗan-kaɗan, sai aka ce ni zan je.

Mahaifiyarsa Hajara ba ta taɓa kiran sunansa da bakinta ba, kamar yadda aka san uwa da ɗan fari. Ranar da zan tashi ta biyo ni har zaure, ta ce, "Malam, ban ce ka kawo mini komai ba. Littattafansa da tufafinsa a ba wanda ya dace. Gwadon yaron nan kawai nake so."

Wannan gwado audugar gonarmu ce. Ita ta gurje ta, ta kaɗa zaren, wani tsohon masaƙi a Kwandiko ya saƙa, fari da ratsin baƙi. Da shi ta sallame shi, don an ce mata ƙasar akwai sanyi. Na ce mata in Allah ya yarda zan kawo.

Daga Gwaram na hau motar da ke ɗaukar gyaɗa zuwa Birnin Kudu, na kwana gidan ƙanena, washegari na wuce Kano. A Kano aka yi ta kai ni ana dawo da ni, yau hoto, gobe allura, jibi fasfo. Ban yi fushi da wannan ba, aikin ofis na san shi. A cikin jirgi aka zaunar da ni kusa da wani ɗan kasuwa mutumin Fagge, mai yawan magana. Da ya ji abin da zai kai ni, ya yi mini ta'aziyya sosai, ya kuma koya mini ɗaura ɗamarar kujera. Da aka kawo abinci ya leƙa nawa ya ce, "Baba, ci burodin, bar naman. Daga nan har ka dawo, kai da ƙwai da kifi ne." Gaskiya ya faɗa.

Da muka sauka, ma'aikacin kwastan ya buɗe jakata ya ga kilishin da na ƙunso domin tsaraba. Ya ɗaga shi da yatsu biyu kamar ya tsinci mushe, ya ce ba a shiga da nama. Na ce busasshe ne. Ya ce ko busasshe ne. Ya jefa shi cikin wani kwando. Kilishin da aka yi a gabana, da naman da aka yanka da sunan Allah! Na ɗauki jakata na wuce.

Wanda ya tarye ni shi ne Malam Isiyaku, mutumin Basirka, hedimasta ne da aka tura ƙaro ilimi, magidanci mai furfura kaɗan a gemu. Shi ya tsaya a kan jana'izar Abba. Ya ba ni wata babbar kwat ya ce in sa a kan rigata, muka shiga jirgin ƙasa zuwa arewacin ƙasar. Ban ga wani abin kirki ta taga ba. Rana ba ta fito ba, kuma kafin la'asar duhu ya yi. A jirgin nan na fara ganin abin da zai dame ni. Wata mata ta shigo da ƙaramin kare a hannu, ta zauna, ta ɗora shi a cinya, tana sumbatar kansa. Karen kuma sanye da riga ja mai maɓalli.

Na ce, "Malam Isiyaku, lafiyarta kuwa?"

Ya ce, "Lafiyarta ƙalau, Baba. Ka dai ƙara haƙuri, gidan da za mu, guda uku ne."

Gidan da Abba ya zauna na wata tsohuwa ce, Misis Walka. Mijinta ya rasu da daɗewa, ba ta da ɗa, tana ba ɗalibai hayar ɗakunan sama. Ita ta ce lalle in sauka a ɗakin Abba. Muna ƙwanƙwasa ƙofa sai haushi ya tashi daga ciki, ba daga waje ba. Tana buɗewa, karnuka biyu suka yo kaina, ɗaya ya dafa ƙirjina da ƙafafunsa ya lashi hannuna. Ina da alwala a lokacin. Ita kuwa sai dariya take yi da hawaye a ido, tana cewa sun san ni, sun ji ƙanshin Abba a jikina. Ta riƙe hannuna biyu tana ta kiran sunansa na yanka, wanda ni ubansa ban cika faɗa ba.

A nan ina so a fahimce ni. Mu ba maƙiyan kare ba ne. Mafarautan Kwandiko suna da su, Fulaninmu suna da su a ruga, ni kaina na taɓa ajiye ɗaya yana yi mini gadin rumbu. Ana ba shi abinci, ba a zaluntarsa. Amma kare ya san iyakarsa, mu ma mun san tamu. Ba ya wuce zaure, ba ya sa baki a ƙwaryar mutum. A gidan nan kuwa babu iyaka. Suna hawa kujera, suna hawa gado. Kowane yana da kwanonsa da sunansa a rubuce a jiki. Hotunansu na rataye a bango tare da na mijinta marigayi, kuma nasu sun fi nasa girma. Da safe kafin ta sha shayi sai ta sa musu riguna ta fita da su zagaya unguwa cikin wannan sanyi, ta dawo ta goge wa kowane ƙafa da tawul. In za ta kira su cin abinci cewa take, "Ku zo wurin mamarku."

Ɗakin Abba yana can ƙololuwar bene. Da na shiga sai na ji kamar na shiga randa. Akwai wani ɗan murhu na lantarki da ba ya kamawa sai an jefa masa kuɗi, in ya cinye ya mutu. A ƙasa kuwa, ɗakin da karnuka ke kwana, wutar kwal ce ke ci tun safe har a kwanta. Na zauna a bakin gadon na daɗe ina duban wannan murhu. Ba zan rubuta abin da na ji ba.

Kayansa suna nan a haɗe cikin akwati biyu. Na buɗe na duba ɗaya bayan ɗaya. Littattafai, riguna, hularsa, carbinsa. Babu gwado. Na sake dubawa, na ɗaga katifa. Babu.

Na ce, "Malam Isiyaku, akwai wani gwado fari mai ratsin baƙi. Ko da shi aka kai shi asibiti?"

Ya ce, "Baba, ka huta tukuna. Gobe mu je maƙabarta."

Washegari muka je. Musulmin garin, yawancinsu mutanen Pakistan, suna da wani ɓangare nasu a gefen maƙabartar Kirista. Wani dattijo a cikinsu, wanda ya yi wa Abba wanka da hannunsa, ya bar shagonsa ya raka mu. Ya nuna mini alƙibla, ya nuna mini yadda aka kwantar da shi. An yi komai daidai. Allah ya saka musu da alheri. Na yi addu'a, sanyi ya hana yatsuna miƙewa sosai, muka dawo.

Da muka dawo Misis Walka ta ce in shigo in ji ɗumi. A ranar na fara shiga ɗakin wutar. Ta kafa wata bishiya a lungu ta rataya mata ƙyalƙyali, don saura kwana kaɗan bikinsu na Kirsimeti. A jikin murhu ta rataya safa manya-manya guda uku, kowace da sunan kare. A gaban wutar akwai kwando mai faɗi, a ciki wani tsohon kare baƙi, wanda bai taso ba ranar da na zo. Sunansa Tobi. Na dubi abin da yake kwance a kai, na ga fari da ratsin baƙi.

Na ajiye kofin shayin da ta ba ni, na hau sama. Malam Isiyaku ya biyo ni.

Na ce, "Ka sani?"

Ya ce, "Na sani, Baba."

"Ka sani, kana Musulmi, kana ɗan ƙasarmu, ka bar zaren da uwarsa ta kaɗa a ƙarƙashin kare?"

Ya ce, "Wallahi na yi magana. Kuka ta sa mini. Baba, ka yi wa Allah ka bari bikinsu ya wuce. Tsohuwa ce, ba ta da kowa. In ka ɗauke yanzu, unguwar nan kaf za a ce baƙin mutum ya zo ya ƙwace wa kare shimfiɗa ana gab da Kirsimeti. Kai za ka tafi, mu za mu zauna da su."

Na ga yana da gaskiya ta wani gefen, na ce na ji. Amma kwanakin nan da na jira sun fi mini tafiyar duka nauyi. Kullum sai na wuce ƙofar ɗakin, in ga karen yana juyi a kan gwadon, yana tura hancinsa ciki, yawunsa na zuba. Salla kuwa sai na kulle ɗaki, na shimfiɗa rigata, don ban yarda da ko taku ɗaya na daɓen gidan ba. Abinci dankalin Turawa ne dafaffe ba gishiri sosai, da kabeji da aka dafa har ya mutu, da ƙwai. Ban zarge ta a kan wannan ba, iyakar iyawarta ke nan, kuma ta yi ƙoƙari ta raba tukunyata da ta naman alade. Sai dai wata rana na ga ta miƙa wa ƙaramin karen faranti ya lashe, ta haɗa shi da sauran ta wanke a ruwa ɗaya. Daga ranar na koma cin burodi a hannu.

Ranar bikin ta gayyaci Malam Isiyaku. Ta gasa talotalo, ta sa wa kowa hular takarda a ka, har karnukan. Ni na riƙe tawa a hannu. Ta sauke safar nan ta zazzage wa kowane kare tasa: ƙashi, ƙwallo, biskit. Ta yanka musu talotalon tun kafin ta zuba wa mutane. Na tuna yaran da ke bin mahauta ranar kasuwar Gwaram don a ba su ɗan kitse, na kawar da kai.

Sa'an nan ta ɗauko wani ƙunshi mai taushi, naɗe cikin takarda mai ado, ta miƙo mini. Na ce a raina ashe ta gane, ashe ta san abin da ya kamata. Na buɗe. Suwaita ce ta saƙa mini, da irin ulun da ta saƙa wa karnukan nasu.

Na yi godiya, na ajiye. Na ce, "Malam Isiyaku, yau Turancina ba zai isa ba. Ka faɗa mata abin da zan faɗa, kada ka rage, kada ka sa masa sukari. Ka ce mata wancan gwadon na zo ɗauka."

Ya faɗa. Fuskarta ta yi ja. Sai ta fara magana da sauri, shi kuma yana juya mini. Ta ce da ciwon ya yi tsanani ita ta sauko da Abba daga sama, ta kwantar da shi a doguwar kujerar nan gaban wuta, ta lulluɓe shi da gwadon. Ta ce Tobi ya hau ya kwanta a ƙafafunsa, bai sauka ba har motar asibiti ta zo. Da aka fita da shi gwadon ya faɗi ƙasa, karen ya ja shi zuwa kwandonsa. Ta ce ta taɓa ɗaukewa don ta haɗa da kayan, karen ya daina cin abinci har sai da ta mayar. Ta ce Abba ne ya cire masa ƙaya a ƙafa, shi yake ba shi magani. Ta ce tsoho ne, in aka raba shi da gwadon ba zai ga ƙarshen sanyin nan ba.

Na ce, "Ka tambaye ta, sai da ciwo ya yi tsanani aka ga ya cancanci wutar da kare ke kwana a gabanta kullum?"

Malam Isiyaku ya ce, "Baba..."

Na ce, "To bar wannan. Ka ce mata na ji karenta ba ya cin abinci. Ka ce mata mai gwadon yana da uwa, ita ma ba ta ci."

Wannan ya faɗa mata daidai, na ji da kunnena. Ta cire hular takardar daga kanta ta ajiye a tebur. Ta tashi ta durƙusa gaban kwandon, tana yi wa karen magana ƙasa-ƙasa, tana ba shi haƙuri. Ta ɗaga shi da ƙyar, ta zare gwadon. Ya yi gurnani, ya bi shi da ido. Ta ninke ta miƙo mini da hannu biyu, tana kuka. Ta ce in bari ta sa shi a injin wanki, zai fito tas.

Na ce a'a. Abin da kare ya sa wa yawu, mu a wurinmu sai an wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Haka aka koya mana, haka muka ga iyayenmu suna yi. Inji da sabulu ba su isa ba. Ban so in kai wa Hajara najasa, ban kuma so ta san inda na same shi.

Washegari da safe na ɗauki ɗan shebur ɗin da take ɗibar kwal, na fita bayan gida neman ƙasa. Dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Na share, na kafa shebur, sai ya yi ƙara kamar na bugi dutse. Ƙasar ta daskare. Ni da na yi shekaru ina koya wa mutane yadda ake juya ƙasa, na rasa yadda zan sami cikin tafin hannu ɗaya. Ina ta sara, sai ga maƙwabci ya leƙo ta kan shinge. Ya ga mutum yana haƙa, ga gwadon Tobi a ajiye a gefe. Ya cire hularsa ya ce, "Ayya, tsohon ya tafi?" Kafin in haɗa Turancin da zan ba shi amsa ya shige gida. Ba a daɗe ba sai ga matarsa, sai ga wata daga tsallaken titi da faranti a rufe, suna ƙwanƙwasa wa Misis Walka ƙofa, sun zo ta'aziyyar kare.

Na kwana da kwanaki a wannan titi. Kowa ya san ni ne uban ɗalibin da ya rasu a gidan. Ban da ita mai gidan, babu wanda ya tsayar da ni ya ce mini sannu. Da maƙwabtan suka ga karen yana raye sai suka yi ta dariya, suka shiga shan shayi. Ni ban yi dariya ba.

Na ƙara share ƙanƙarar gaba kaɗan, sai na ga abin da karnuka uku suke bari a wurin kowace safiya. Ashe ko da ta haƙu, ba ƙasar da za a yi tsarki da ita ba ce. Na mayar da shebur. Na naɗe gwadon cikin leda biyu, na ɗaure, na sa a jaka dabam. Na ce ƙasarmu ce za ta wanke shi. Ranar da zan tafi Misis Walka ta raka ni bakin ƙofa, ta ce in gaida mahaifiyarsa. Tobi yana kwance a kan suwaitar da ta saƙa mini, don na ce ta ba shi. Ban tambaya ko yana cin abinci ba.

Niyyata in na iso in ɓoye jakar a zaure, in sa a ɗebo ruwa, in wanke shi da kaina, ya bushe, sa'an nan in kai mata. Amma da motar ta ajiye ni na tarar da gida cike da 'yan sannu da zuwa. Ban samu sukuni ba sai bayan la'asar. Ina shiga cikin gida Hajara ta kawo mini ruwa, ta durƙusa, ta yi mini barka da hanya. Ba ta tambayi jirgi ba, ba ta tambayi kabari ba.

Ta ce, "Malam, ina gwadon?"

Na ce, "Yana nan. Sai gobe zan ba ki."

"Me ya sa sai gobe?"

Ban taɓa yi mata ƙarya ba, ban ga dalilin farawa a ranar ba. Na gaya mata duka: kwandon, da karen, da yawun, da ƙasar da ta ƙi haƙuwa. Ina faɗa raina yana sake ɓaci. Na ce ta yi haƙuri, ba a taɓa shi da ruwa ba tun ranar da aka ɗauke shi daga jikin yaron, amma gobe da safe zan tsarkake shi.

Ta ɗago kai. Ta ce, "Ba a wanke ba?"

Na ce, "Ba a wanke ba."

Ta tashi ta nufi zaure, ita da ba ta fita zaure da rana. Ta dawo da jakar, ta kwance ledar da haƙori. Gashin kare baƙi ya manne a jikinsa ko'ina. Na ce, "Hajara, najasa ce!" Ba ta ji ni ba. Ta kifa fuskarta a ciki. Ta daɗe a haka, kafaɗunta ba sa ko motsi. Da ta ɗago sai ta ce, "Karen nan ya san abin da yake nema. Yana nan a ciki, Malam. Ga warin karen, ga kuma ƙanshin yaron nan a ƙarƙashi."

Da safe na ɗebo ƙasa mai tsabta daga bayan rumbu, na cika bokiti da ruwa, na ajiye a ƙofar ɗakinta. Har azahar ba ta taɓa ba. Na gaya wa liman, ya ce a wanke. Na gaya mata abin da liman ya ce, ta ce ta ji. Ta saka gwadon a cikin wata kwalla ta rufe da murfi. In ta buɗe ta rufe, sai ta wanke hannu da fuska, ta canja zane kafin ta yi salla. Ni kuwa na daina salla a ɗakin.

Shekaranjiya na sake yi mata magana. Na ce, "Hajara, abin nan ba daidai ba ne, ke ma kin sani. Ƙasa ba ta daskare a nan ba. Sai yaushe?"

Ta ce, "Zan wanke, Malam, sau bakwai ɗin, da hannuna. Amma ba ni zan kore shi daga ciki ba. Sai ya tafi da kansa."